Sinadarin Riƙo: Shin Ƙaramar Kwalbar Nan Tana Ƙara wa Man Kariyar Fentin Mota Kwana?

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan intanet yana neman man da zai shafa wa fentin motarsa ya san yadda cinikin ke tafiya. Zai zaɓi kwalba ɗaya ta man kariyar fenti, wanda 'yan kasuwa ke kira silant, kafin ya kai ga biyan kuɗi sai shafin ya turo masa hoton wata 'yar ƙaramar kwalba a gefe, tare da alƙawarin cewa idan aka haɗa su biyun, kariyar za ta daɗe fiye da yadda ta saba. Masu sana'ar ƙawata mota su ma kan yi irin wannan tayi: “Alhaji, a ƙara kaza a sa mata sinadarin riƙo,” wato abin da zai sa man ya kama jikin fentin gam. Mai mota kuwa, wanda a yau canjin dala ya sa ko madubin gefe sai ya yi lissafi kafin ya saya, yana da haƙƙin ya san ko wannan ƙarin kuɗi zai sayo masa wani abu, ko kuwa kwalba ce kawai ta biyu.

Gaskiyar magana ita ce sinadarin yana aiki. Sai dai yana aiki ne bisa sharuɗɗa biyu masu tsauri: ya kasance kamfanin da ya yi man kariyar shi ya haɗa shi domin wannan man, sannan a shafa shi a kan fentin da aka tsabtace ƙal. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun, an zubar da kuɗi. Kuma ko an cika su duka, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, wanda ke faruwa da motoci da yawa kowace safiya a ƙofar gida.

Fatar da ba ta kai silin gashi ba

Fentin mota na zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, sai faraima, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama shafi marar launi mai sheƙi wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukkansu in aka haɗa, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu kan kama daga maikiron 100 zuwa 150 ko sama da haka kaɗan. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, ke nan ba ta kai kaurin silin gashin kan mutum ba, wanda ke kusan 70. A cikin wannan 'yar fatar ce kamfani ke zuba sinadaran da ke tare hasken ultrabayolet na rana, kuma sun fi taruwa a ɓangarenta na sama. Idan ta sirance, rufin mota da bonet su fara yin fari-fari, daga baya su riƙa ɓarewa kamar maciji na saɓa. Duk mai bin titunan Kano ko Sakkwato ya ga irin waɗannan motoci. Babu man da ke gyara wannan, sai sabon fenti.

A nan ne maganar daɗewar man kariya ta wuce batun kwalliya. A wurare da yawa, duk lokacin da za a sabunta man, sai an fara bin jikin motar da injin goge da folish, domin a kawar da tabo da ƙananan karce. Folish mai yanka kuwa cin kiliyar yake yi har ta yi daidai da zurfin karcen. Gogewa marar tsanani kan tafi da maikiron 2 zuwa 3, mai tsanani ta fi haka. Masana fenti na gargaɗin kada a cire abin da ya wuce kusan kwata na kaurin kiliya a duk tsawon rayuwar motar. Kwatan 40 shi ne 10. Gogewa huɗu ko biyar ke nan, rabon motar ya ƙare. Man da ya yi wata takwas maimakon huɗu, alal misali, ya rage yawan zuwan motar gaban inji da rabi. Wannan ce hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan sinadarin riƙo, kuma abin mamaki ita ce masu tallarsa ba su cika ambata ba. Sun fi son bidiyon ruwa yana gangarowa daga bonet.

Kafin zuwan mayukan zamani, kaki ake shafawa, kuma har yanzu yana da masoya. Mafi shahara shi ne kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke tsirowa a arewa maso gabashin Burazil. Shi kansa kakin yana narkewa ne a zafin digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyas, amma da yake yana da tauri ƙwarai, sai an cakuɗa shi da mai da wasu kakin masu laushi kafin ya shafu. Baƙar mota da ta wuni a ranar bazara jikinta na iya haura digiri 70. Shi ya sa kaki, duk kyan sheƙinsa, lissafinsa na makonni ne. Bai ƙulla wata alaƙa da fentin ba, zama kawai ya yi a kansa.

Man kariya kuwa haɗin ɗakin gwaji ne. Yawancinsa dogayen sarƙoƙin silikon ne da aka maƙala musu wasu ƙwayoyin sinadari da ake kira amino, waɗanda ke janyuwa zuwa jikin fenti su dafe. Bayan an shafa, danshin da ke cikin iska ne ke sa sarƙoƙin su ƙullu da juna su zama kamar raga. Wannan ƙulluwa na ɗaukar sa'a 12 zuwa 24 a mafi yawan irin waɗannan mayuka. Abin ya yi kama da lalle: bushewarsa a hannu daban, kamawarsa daban, wadda ta yi gaggawar wankewa kuwa ta san abin da za ta gani. Idan komai ya tafi daidai, mai kyau daga cikinsu kan yi wata huɗu zuwa shida. Duk wani sinadarin riƙo, ko wane suna aka ba shi, yana ƙoƙarin gyara ɗaya ne daga cikin matakan nan biyu, ko dafewar ko ƙulluwar.

Abubuwan da ake kira sinadarin riƙo

Mai faci da ke bakin titi ya fi kowa fahimtar wannan fanni, ko da bai san sunayen sinadaran ba. Kafin ya liƙa faci, sai ya kankare wurin hujin har robar ta yi kaushi ta rabu da datti. Sannan ya shafa sulushan, ya jira ya sha iska, kana ya ɗora facin. Kankarewar aiki ne, sulushan ɗin wani aikin ne. Akwai kuma aiki na uku da duk wanda ya taɓa amfani da gam ɗin Araldite ya sani: bututu biyu ne, kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa, sai an cakuɗa su. A kasuwar kayan mota, abubuwan da ke yin waɗannan ayyuka duk ana sayar da su da suna guda ko sunaye masu kama da juna, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Misalin da ya fi shahara tsakanin masu sha'awar wannan harka a Amurka shi ne Duragloss 601, na wani kamfani da ke jihar Karolina ta Arewa. An yi shi ne domin mayukan kamfanin, irin su 105 da 111. Ƙa'idar amfani da shi ita ce a shafa shi siriri a jikin mota, a bar shi ya bushe ya yi dishi-dishi, kada a goge, sai a ɗora man kariyar a kansa, daga baya a goge su tare. Kamfanin da kansa yana kwatanta aikin da na gam mai bututu biyu, yana kuma cewa haɗin na ninka daɗewar man. Masu amfani da shi da yawa sun koma cakuɗa su tun a kwalba, kashi ɗaya na 601 da kashi huɗu na man, don rage wahala. Abin lura shi ne haɗin ba ya ajiyuwa, cikin 'yan sa'o'i yake lalacewa. Wannan lalacewar ma kanta shaida ce cewa akwai abin da ke gudana tsakanin sinadaran biyu, ba ruwan banza ne a kwalbar ba. Maganar ninkawa kuwa maganar mai kaya ce, mai kaya kuma ba ya kushe kayansa.

Tarihin kamfanin Zaino na jihar New Jersey ya fi bayyana abin. Da farko yana da wani ruwa mai suna Z-1, wanda ake shafawa a ƙasa a bar shi, sannan a ɗora man Z-2 a kai. Daga baya ya fito da ZFX, wanda ɗigo huɗu ko biyar kawai ake zubawa a ɗan man da za a yi amfani da shi a ranar, a girgiza. Aikinsa shi ne gaggauta ƙulluwar sarƙoƙin, ta yadda maimakon a jira kwana guda tsakanin shafi da shafi, ana iya yin shafi har uku a rana ɗaya. Ga mai sana'a da motoci ke layi a rumfarsa, wannan kuɗi ne tsaba. Wani abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan kamfani da ke sayar da sinadarin gaggautawa, shi ne kuma ke umurtar masu sayen kayansa su fara wanke motar da sabulun wanke kwanuka sau ɗaya, don a cire tsohon kaki da maiƙo, kafin a shafa komai. Masu haɗa sinadarin sun san iyakarsa fiye da masu tallarsa.

Sai kuma waɗanda aikinsu kankarewa ce irin ta mai faci. Klasse All-In-One, na Jamus, yana wanke fentin ya kuma bar siririn shafin akirilik wanda abokin tafiyarsa, Klasse Sealant Glaze, ke hawa a kai. CarPro Essence da Gyeon Primer folish ne masu laushi da ke barin ɗan sinadarin silika a jikin fenti domin shafin siramik ya samu wurin zama. CarPro Eraser da Gyeon Prep kuwa ba sa barin komai. Ruwan goge maiƙo ne, kuma tushen irin waɗannan galibi wani nau'in sifirit ne mai suna aisofurofil. Wannan kashin shi ne mafi araha, shi ne kuma ya fi muhimmanci. Folish yana ɗauke da mai domin inji ya yi santsi, man nan kuma yana maƙalewa a jikin fenti bayan an gama. Duk abin da aka shafa a kansa, komai tsadarsa, ya kama maiƙo ne bai kama fenti ba, kuma zai tafi tare da maiƙon a wanki na biyu ko na uku. Da yawa daga cikin masu rantsuwa da cewa sinadarin riƙo ya ninka musu daɗewar man kariya, abin da ya faru shi ne karon farko ke nan da suka shafa man a kan fenti mai tsabta.

Akwai kalmar da ake yawan wasa da ita a talla, wato cewa man zai “zama ɗaya da fenti”. Tushen wannan magana gaskiya ne, amma an ja ta fiye da ƙima. Akwai dangin sinadarai da ake kira sailen, masu kai biyu: ɗaya yana kama gilashi ko ƙarfe, ɗayan yana kama roba ko gam. Tun shekarun 1940 ake amfani da su wajen haɗa zaren gilashi da roba a masana'antu. Likitocin haƙori na amfani da su wajen liƙa haƙorin tangaran, haka ma ana samun su a ruwan da ake shafa wa gefen gilashin gaban mota kafin a sa masa gam. A kan gilashi suna yin riƙo mai ƙarfin gaske, domin fuskarsa cike take da wuraren da za su ƙulla. Kiliya kuwa roba ce da ta riga ta gama ƙulluwa a murhun kamfani, wuraren ƙullin da suka rage a fuskarta kaɗan ne. Riƙon yana samuwa, ya kuma fi na kaki nesa ba kusa ba, amma bai kai na gilashi ba. Hujjar a fili take: minti ɗaya na injin goge ya isa ya cire kowane man kariya daga jikin mota, da sinadarin riƙo ko babu. Haka zancen yake da “9H” da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwalaben siramik. Ma'aunin taurin fensir ne na masu zane, ba shi da alaƙa da ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, inda 9 ke dab da lu'ulu'u.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa haɗa kayan kamfanoni daban-daban caca ce. Sinadarin gaggautawa an auna shi ne da irin sarƙoƙin da ke cikin wani takamaiman man. Idan aka zuba shi a man wani kamfani, ko dai ya zauna bai yi komai ba, ko ya sa man ya yi gudaje, ko ya bushe tun ba a gama shafawa ba ya bar zane-zane a jikin mota, waɗanda cire su sai an koma ga inji, an sake cin kiliya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mayukan zamani da yawa ma an riga an zuba musu abin da ke taimaka musu kamawa tun daga kamfani, don haka ba sa bukatar ƙari. Idan takardar da ke jikin kwalba ba ta ambaci wani abokin haɗi ba, to babu shi. Shafa sinadarin riƙo a ƙarƙashin kakin karnuba kuwa ɓata lokaci ne, tunda kaki ba shi da sarƙoƙin da za a ƙulla.

Hazo, tsumma da ruwan bohol

Kusan duk waɗannan kayayyaki an haɗa su ne a Amurka da Turai da Koriya ta Kudu, takardunsu kuma na magana ne a kan gareji mai ƙofa da yanayi matsakaici. A ƙasar Hausa lissafin na canzawa. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Man da ke bukatar danshi kafin ya ƙullu zai bushe a ido nan da nan, mai aiki ya ɗauka an gama, alhali ƙulluwar na tafiyar hawainiya, ƙura kuma na sauka a kansa. Da damina danshin ya wadata, amma hadari na iya haɗuwa kafin sa'a 12 ta cika, ko raɓa ta sauka da asuba a kan motar da ke kwana a waje. Da bazara matsalar zafin ƙarfe ce: man da aka shafa a bonet mai zafi yana ƙonewa a wurin kafin ya bazu. A duk yanayin ukun, abin da ke rage tsawon lokacin da man ke zaune bai ƙullu ba yana da amfani na haƙiƙa. Idan akwai inda sinadarin gaggautawa ke biyan kuɗinsa, to a wurin wanda ba shi da gareji ne. Wanda ke da rufaffen wuri da zai ajiye mota kwana guda, haƙuri zai yi masa kusan aikin da kwalbar za ta yi.

Sai babban abokin gaba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe, tana ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙarar dutse da ake kira kwaz. A ma'aunin Mohs taurin kwaz 7 ne, ya fi kiliya tauri ƙwarai, ya fi ma gilashin taga. Kowace safiya a gidaje da ofisoshi, direba ko yaron gida zai ɗauki busasshen tsumma ya bi motar daga bonet zuwa but yana karkaɗewa yana gogewa, da kyakkyawar niyya, don kada maigida ya fito ya tarar da ita butu-butu. Abin da yake yi a zahiri bai da bambanci da bin motar da sanfefa mai laushi. Man kariya kuwa kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba. Sinadarin riƙo yana hana man ɓallewa daga fenti, yana ƙara masa juriya ga sabulu da ruwan sama, amma ba shi da abin da zai yi da gurzawa. Raga komai ƙarfin ƙullinta, in ana cin ta daga sama kullum, za ta ƙare. Mai motar da ya kashe kuɗi a kan kwalabe biyu bai zauna ya yi wa mai goge motar bayani ba, ya tsallake abin da ya fi sauƙi kuma kyauta ne: a watsa ruwa ya kwashe ƙurar tukuna, in babu ruwa a bar ta da ƙurarta.

Wankin kansa ma sai an duba. Sabulun gari na wankin tufafi yana da kaifi irin na kanwa, ma'aunin pH ɗinsa kan kai 10 zuwa 11, alhali sabulun da aka yi domin mota yana kusa da 7. Wanki ɗaya da shi ba zai kashe man kariya mai kyau ba, kuma a nan man da ya ƙullu sosai ya fi jurewa, amma mako-mako yana cin sa. Bokiti ɗaya da soso ɗaya da aka wanke taya da su aka dawo kan ƙofa, wannan ma gurzawa ce. Ruwan bohol a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam. In aka bar shi ya bushe a rana sai ya bar fararen zobba, waɗanda zafi ke dasa su a cikin kiliya. Kashin tsuntsu kuwa, ga masu ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya, yana iya huda man ya taɓa fenti a yini guda na zafi. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da tsumman maikirofaiba na tsane ruwa a inuwa, kuɗinsu bai kai na ƙaramar kwalbar ba.

Akwai kuma batun motocin Beljiyam, waɗanda su ne mafi yawa a kan titi. Da yawa daga cikinsu an taɓa yi musu fenti a wani ɓangare, ko a can ko bayan sun sauka a Kwatano ko Legas. Fentin kamfani ana gasa shi ne a zafin kusan digiri 140 kafin a ɗaura wayoyi da robobi. Fentin gareji kuwa iska ke busar da shi, ko murhu mai zafin kusan digiri 60, don haka tina na ci gaba da fita daga cikinsa tsawon makonni. Shi ya sa masu fenti ke cewa a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe sabon fenti da wani abu. Rufe shi da wuri, balle da man da aka ƙara wa ƙarfin riƙo, na iya sa ya dushe. A nan wata 'yar na'ura ta fi kowace kwalba amfani, wato ma'aunin kaurin fenti, wadda ba ta fi wayar hannu girma ba. Tana amfani da maganaɗisu a kan ƙarfe, da wata dabarar lantarki a kan alminiyam, ta nuna jimillar kaurin da ke tsakanin bakinta da ƙarfen. Ƙofar da ta nuna 120, maƙwabciyarta ta nuna 300, an san an taɓa ta biyun. Rufin da ya nuna ƙasa da 80, a nesanta shi da injin goge. Irin masu araha ba sa karanta bamba ta roba. Wanda kuma zai kai mota fenti bayan ya shafa mata man silikon, ya gaya wa mai fentin, domin ragowar silikon na sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka masu kama da idon kifi idan ba a wanke shi da kyau ba.

Wanda ke son ya san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu a motarsa da yanayin garinsa, gwajin ba shi da wuya. A wanke bonet, a bi shi da yumɓun goge mota har hannu ya daina jin kaushi, a goge da sifirit, sannan a raba shi biyu da salatif. Ɓangare ɗaya a shafa man kariya shi kaɗai, ɗayan tare da sinadarin riƙonsa. A bar shi ya kwana, a cire salatif ɗin, a ci gaba da wanki yadda aka saba da sabulun mota marar kaki a ciki. Bayan wata ɗaya, da biyu, da uku, a watsa ruwa a ɗauki bidiyo da waya, a ga ɓangaren da ruwa ya fara kwanciya a kansa ya ƙi gudu. Abin da ake nunawa a ranar farko ba hujja ba ce. Ko man gyaɗa aka shafa wa bonet, ruwa zai dunƙule ya gangara. Idan a wata na uku ɓangarorin biyu sun mutu tare, matsalar tana hannun mai wanki, kuma sayen kwalba ta uku ba zai canza komai ba.

Wanda ba zai yi aikin da hannunsa ba, tambayoyinsa ga mai sana'ar ba su da yawa. Ya nemi a nuna masa kwalaben biyu ya karanta sunan kamfanin da ke jikin kowace. Ya tambayi abin da za a goge fentin da shi bayan folish, da kuma ko akwai bukatar folish ɗin ma tun farko, domin sabunta man kariya a kan fenti mai lafiya ba ya bukatar inji. Ya tambayi inda motar za ta kwana. Mai sana'ar da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin, domin su ne ke bambanta shi da mai bokiti a bakin kwalbati. Idan ya kasa nuna kwalaben, ko sunayen da ke jikinsu suka sha bamban, a biya kuɗin wanki da yumɓu da sifirit da man kariya kawai, a kuma bar motar ta kwana a rumfarsa zuwa washegari.